Shuɗin Gwiwa da Shuɗin Bokiti

Yau maganar bargo na kawo maku, bargon wata ƙasa mai nisa. Kada ku yi saurin juya takarda. In kun yi haƙuri, za mu iso bakin karofi da shagon telan unguwarku.

Ku fara da tuna lifidi. Duk wanda ya taɓa kallon hawan sarki a Doso, ko Katsina, ko Kano, ya ga dokin da anka lulluɓe da shi. Ƙyalle ne a sama, ƙyalle a ƙasa, auduga a tsakani, sa'an nan an bi da allura an soke su duka uku, layi bayan layi, don kada audugar ta gudu ta taru wuri guda. Wani lifidin ma samanshi ba ƙyalle guda ba ne, guntaye ne ja da fari da shuɗi anka haɗa. To, haka matan Amurka suke ɗinka abin rufarsu na lokacin ɗari tun kaka da kakanni. Mu kira shi bargon ƙyallaye. Aikin cikin gida ne, kuma masu zanen fenti ba su cika ɗaukar shi a bakin komi ba. A shekara ta 1971 wani babban gidan mize na birnin Niyu Yok, mai suna Whitney, ya ɗauko tsofaffin bargunan nan ya rataya su ga bango, mutane sunka yi ta zuwa kallo. Amma ku riƙe wannan: mafi yawan matan da sunka ɗinka su ba a san sunansu ba. Sunan waɗanda sunka saye su sunka tara shi ne a rubuce.

Yau akwai dubban mutane a can masu ɗinka bargon da ba za a rufa da shi ba, sai dai a rataya a kalla. A 2009 sunka kafa ƙungiyar masu bargon zamani a birnin Los Anjalis, kuma tun 2013 suke yin babban taron nuni. Abin da suke so shi ne launi mai ƙarfi, da fili mai faɗi wanda babu ado cikinshi, da layin da bai miƙe sak ba. Da yawa cikinsu yadin kanti bai gamshe su ba, sai su sayi fari su rina da hannunsu. Tambaya guda ce ke cika littattafansu da tarurrukansu: ga yadi an rina, ga almakashi, to ina za a samo fasalin da za a ɗinka?

Na daɗe ina duban hotunan aikinsu, kuma ina so mu auna amsa uku da anka ba wannan tambaya. Ta farko ta fito daga matan wani ƙauye.

Gee's Bend ƙauye ne na baƙar fata a jihar Alabama, kogi ya kewaye shi ta gefe uku. Gandun auduga ne na bayi tun 1816. A 1845 ya koma hannun wani mai suna Mark Pettway, shi ya sa har yau gidaje da yawa na ƙauyen suke amsa sunan Pettway, sunan ubangidan kakanninsu. Bayan an ƴanta bayi sunka zauna nan suna noman ƙasar wani, bashi bisa bashi. A 1962, lokacin da baƙar fata suke neman a rubuta su cikin masu zaɓe, anka tsaida jirgin fiton da ke ƙetarar da su zuwa babban gari, bai dawo ba sai 2006. Ɗakunansu na katako ne, iska na shiga ta ko'ina, har sukan lilliƙa tsofaffin jaridu ga bango don su tare ta. A irin wannan ɗaki bargo ba ado ba ne. Uwa mai ɗiya da yawa dole ta tara shi, kuma ba ta da kuɗin yadi. Abin da ke hannunta shi ne tsohon wandon mijinta, da buhun gari, da rigar da ta mutu.

A 1976 wata matar ƙauyen, Annie Mae Young, ta ɗinka bargon da nake so ku gani da idon zuci. Tsawonshi ya kusa mita 3, faɗinshi ya kusa mita 2. Kewayenshi duka shuɗi ne, dogayen ƙyallaye da ta farke daga tsofaffin wandunan jin na aiki. A tsakiya ta dasa wani dogon fili na siraran ƙyallaye ja da rawaya da ruwan ƙasa, na wani yadi mai kauri mai kunya-kunya kamar gonar da anka yi ma huɗa. Irin yadin nan ya bazu a ƙauyen tun 1972, sa'ad da kamfanin Sears ya ba ƙungiyar gama-kai ta matan yankin aikin ɗinka rigunan matashin kai, guntayen sunka riƙa komawa gidaje. In ka hangi bargon daga nesa, sai ka ce ƙofar ɗaki ce da dare, an hura wuta ciki.

Mi ya sa ya yi kyau? Da farko, jan kaɗan ne. Da ta raba ja da shuɗi daidai wa daida, da hayaniya ce za a samu. Ta tara jan wuri guda, ta bar shuɗin ya yi mashi fili, shi ya sa yake ci kamar garwashi. Na biyu, layukan ba su miƙe ba. Telan kasuwa zai ce aikin ya karkace, ya farke shi. Amma ku duba ƙafar wando: tana da faɗi wajen cinya, tana tsukewa wajen idon sawu. Matar ba ta datse ƙyallen don ya zama daidai ba, domin datsewa asarar yadi ce. Ta bi shi yadda ya zo. Karkatar ba daga kanta ta ƙago ta ba, wandon ne ya ba ta.

Na uku shi ne babba. Shuɗin nan ba shuɗi guda ba ne. Akwai mai duhu kamar hadarin gabas, akwai wanda ya koɗe har ya kusa fari, akwai na tsakaninsu iri-iri. A bargunan wandunan aiki na ƙauyen, kamar wanda Lutisha Pettway ta ɗinka wajen 1950, za ka iya nuna inda gwiwa ta goge yadin, da inda anka cire aljihu ya bar tabo mai duhu domin rana ba ta taɓa wurin ba. Dalilin haka marininmu ya san shi. Shuɗin wandon jin da shuɗin baba abu guda ne, sai dai nasu na masana'anta ne, wanda wani kamfanin Jamus ya fara saidawa a 1897. Baba ba ya shiga jikin zare ya zama ɗaya da shi, kwanciya yake yi bisa shi. Shi ya sa turkuɗi ke shafa ma Buzu shuni a fuska, shi ya sa kuma gwiwar wandon manomi take fari tun sauran wandon na da launinshi. Ke nan duƙawa cikin gonar auduga ce ta rina ma Annie Mae Young ƙyallayenta, shekara bayan shekara.

A nan sai in ja ma kaina birki. Kada wani ya ji wannan ya ce talauci shi ne gwanin zane. Talauci ya ba ta tsumma ne kawai, kuma ya ba dubban mata irin tsumman, ba duka sunka fitar da abin kallo ba. Idon da ya ce wannan mai duhun ya zauna kusa da wancan mai hasken, nata ne. Wani lokacin kuma ba kyau ake nema ba sam. A 1942, bayan rasuwar mijinta, Missouri Pettway ta farke kayan aikinshi ta ɗinka bargo don ta riƙa rufa da su. Wanda zai tsaya yana auna layin wannan bargo bai san abin da yake kallo ba.

Yadda duniya ta san su gajeren labari ne. Wani mai tara kayan fasaha, William Arnett, ya ga hoton bargon Annie Mae Young an shanya shi bisa tarin itace, ya bi sawu har ƙauyen wajen ƙarshen shekarun 1990. A 2002 anka nuna bargunan a birnin Hustan, daga nan sai gidan Whitney. A 2006 gidan waya na Amurka ya buga tambur iri 10 da hotonsu. Wannan karon an rubuta sunan kowace mace ƙarƙashin aikinta, kuma ci gaba ne bisa 1971. Amma da fasalin ya fara fitowa jikin darduma da sauran kayan kanti, maganar kuɗi ta taso. A 2007 wasu daga cikin matan sunka kai ƙara, anka rufe shari'ar a 2008.

Amsa ta biyu ta fito daga wata mace da ba ta san wannan rayuwa ba. Nancy Crow farar fata ce, an haife ta a 1943 a jihar Ohayo, ta yi jami'a ta koyi ginin tukwane da saƙa. Tana cikin waɗanda sunka kafa babban nunin bargunan bango a 1979, cikin wani tsohon garken shanu a garin Athens na jiharsu. Bargunanta na farko aunannu ne: ma'auni na kwali, kowane guntu daidai da ɗan'uwanshi, hagu na kwaikwayon dama. Suna da kyau irin kyan tabarmar roba. Wajen 1990 ta canza hanya. Ta ga aikin Anna Williams, wata baƙar fata ta garin Baton Rouge a jihar Luwiziyana, wadda ta yi rayuwarta tana aikatau a gidajen mutane, tana haɗa ƴan mitsi-mitsin ƙyallaye ba awo ba zane. Nancy Crow ta ajiye ma'auni. Ta koma yanka yadi kai tsaye kamar mai jan layi da alƙalami, ta riƙa rina farin yadinta da kanta, tana kafa guntaye ga bango da allura, ta ja da baya ta duba, ta dawo ta cire. A 1995 ta fara jera wasu barguna masu lamba, sunansu na nufin gine-gine.

Abin da na yaba mata shi ne abin da ta ɗauka da abin da ta bari. In ka ajiye bargonta kusa da na Anna Williams ba za ka rikita su ba. Na Anna cike yake da ƙananan guntaye masu fure da ɗigo. Na Nancy launi ne zalla, da dogayen layuka masu lanƙwasa kamar dannin kara da iska ta kwantar. Hanyar aiki ta koya, ba hoton ta kwafa ba. Kuma ba ta ɓoye malamarta ba, ta faɗi sunanta a fili. Ko matar da ta soke mata barguna da yawa da hannu, Marla Hattabaugh, sunanta na nan rubuce ƙarƙashin hotunan. Mu da muke koyar da manya rubuta sunansu mun san nauyin wannan.

Duk da haka ina da abin cewa. Na jera hotunan bargunanta goma na duba, hankalina ya yaba, zuciyata ba ta motsa ba yadda ta motsa gaban wandunan Alabama. Kowane launi nata zaɓaɓɓe ne, ba wanda ya faɗo mata dole ta san yadda za ta yi da shi. Aikin ya fito tsaf, amma da ɗan sanyi. Sai dai ba ta yi ƙarya ba. Launinta sabo ne kuma bai yi shigar tsoho ba. Wannan gaskiya ce ta raba ta da jama'a ta uku.

Kafin in zo gare su, ga yadda rinin yake. A 1956 wani kamfanin Ingila ya fito da galura mai suna Procion. Ita ba kamar baba take ba. In an zuba mata wata farar hoda mai aiki irin na kanwa, sai ta kama zaren auduga ta zama ɗaya da shi, ba ta zuba, ba ta shafa. Ba ta kuma bukatar wuta, ruwa mai ɗumi ya isa. Ke nan kowa na iya rini a bokiti cikin ɗakin girkinshi. A 1997 wata mai suna Ann Johnston ta fitar da littafi da ya yaɗa wata dabara: a cukuikuye yadi a cusa shi cikin ƙaramin mazubi, a zuba galura da ruwa kaɗan, a bar shi ba motsawa. Launin sai ya taru nan ya tsere can, yadin ya fito dabbare-dabbare kamar gajimaren damina. Dabarar ba ta da laifi, kuma ƙyalle guda da anka yi ma haka abin sha'awa ne.

Laifin yana wajen ɗinki. Na ga barguna da yawa da anka haɗa irin ƙyallen nan arba'in ko hamsin, kowane na da ja da kore da ruwan goro cikinshi. Ido ba ya samun wurin zama. Kamar ranar kasuwa ce da kowane mai talla ke kira lokaci guda, ka fito ba ka ji ko ɗaya ba. Mai aikin ya ƙaunaci rininshi har ya kasa yanke hukunci a kanshi, ya zuba duka. Rini ya yi, fasali bai zo ba.

Akwai wanda ya fi wannan ɓata mani rai. Wasu suna rina sabon yadi don ya yi kama da wanda ya sha rana da zufa. Har ana saida ƙunshi a kanti: ga yadi an rina, ga takarda mai awo, ka bi lamba ɗaya zuwa ƙarshe ka fitar da bargo mai kama da na Gee's Bend. Ku duba abin dariya: ana sa ma'auni don a auna karkata! Matar da ta fara abin ta karkace ne don kada ta zubar da ko yatsa biyu na yadi. Mai kwafa yana datse sabon yadi yana zubarwa don ya samu karkatar. In anka biya matan ƙauyen haƙƙin fasalinsu, to an fita haƙƙi, amma bargon da ya fito zanen aro ne, kuma kun san ba ya rufe katara.

To mi rinin hannu ke da shi wanda kanti ba shi da shi? A ganina abu guda ne: dangin launi. Masu aikin sukan jera bokiti shida ko takwas. Na farko galura cikakkiya, na biyu rabin ta farko, na uku rabin ta biyu, haka har na ƙarshe ya kusa zama ruwa. Sai ka samu shuɗi takwas, uwa ɗaya uba ɗaya, daga mai duhu zuwa mai haske. Abin da shekarun noma sunka yi ma wandunan Alabama ke nan, an same shi cikin yini guda. Wanda ya shimfiɗa waɗannan takwas a ƙasa ya zauna ya dube su, zai ga wane ke matsowa gaba, wane ke ja da baya, ina haske ke son faɗowa. Bargunan zamani da sunka fi burge ni duk daga nan sunka taso. An fara da ƙyallen, an bar shi ya nuna hanya, sa'an nan anka ɗauki almakashi.

Ga mu bakin karofi, kamar yadda na yi maku alkawari. Wannan dangin launi da suke nema da bokiti takwas, marininmu na da shi cikin rami guda. Yadi na fitowa daga baba kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi. Tsomi ɗaya, shuɗi mai haske. A ƙara, ya ƙara duhu, har ya kai baƙin da ake kai ma mabuga. Karofin Ƙofar Mata a Kano, wanda ake cewa tun 1498 yake, da yawa daga ramukanshi sun bushe, kuma kun san yadda na garuruwanmu sunka zama. A wurinmu rinin da bai kama ko'ina daidai ba ɓatacce ne, mai haske kuma rowar marini ce. Ga babbar riga, haka ne, ban musa ba. Amma ba don riga kaɗai anka yi yadi ba. Kullum yamma tela na share guntaye, wasu su tafi cikin matashin kai, wasu bola, alhali in hunturu ya sauko muna zuwa kasuwa sayen bargon da anka kawo daga wata ƙasa.

Ba ina cewa mu kwafi Alabama ba, in munka yi haka mun shiga jama'a ta uku. Matan can sun sa ma wani fasalinsu sunan rufin ɗaki, murabba'i cikin murabba'i, domin abin da ke kewaye da su suke kallo. Mu ma muna da abin kallo: ratsin luru, da ɗigon saƙi, da zanen bangon gidajen Birni a Damagaram, da ƙofar langa-langa da anka yi ma maho sau biyar kowane maho da tsatsarshi.

Na nuna ma matan da nake koya ma karatu hoton bargon Annie Mae Young a salula. Wata tsohuwa ta ce tsumma ne, uwarta ma takan haɗa irinshi don shimfiɗar jariri, ba wanda ya taɓa rataya shi. Anka yi dariya, amma ba ta mayar da salular da wuri ba. Sai munka sayi alawayyo munka raba biyar, munka kai ma marinin da ya rage a garinmu mai haɗa baba da toka. Munka ce na farko tsomi ɗaya, na biyu biyu, na ƙarshe ya tsoma har ya gaji. Huɗu ya ba mu ba gardama. Mai hasken ne ya ƙi saki, wai in anka gan shi za a ce raminshi ya mutu, sai da munka yi alkawarin ba za mu faɗi inda anka rina ba. Tela ya ba mu buhun shara, munka tsinci wani siririn jan ƙyalle mai tsawon kamu biyu. Tsohon zane zai shiga tsakani a madadin auduga.

Guntayen na nan kafe da ƙaya jikin zanar rumfar da muke karatu. Rabin aji na son jan a tsakiya. Tsohuwar nan ta ce a'a, wannan na matar Amurka ne, a kai shi can gefe kusa da shuɗi mafi duhu, yadda bakin zane yake. Mako biyu ke nan ba a sa allura ba. Kowace ta shigo sai ta matsar da guntu ɗaya kafin ta zauna ta buɗe littafinta.